Tarihi a Majigi: Fim ɗin Amina da Darasin Apocalypto

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda fim yake ɗaukar tarihin al'umma ya sake masa siffa, da kuma yadda masu tarihin kan karɓe shi. Abin ya shafe mu, domin kuwa ɗalibin da ya taso a Gwarzo ko Kabo ko Dugabau yakan fara saduwa da Amina ta Zazzau a wayar hannu tun kafin ya sadu da ita a littafi.

2.0 Misalin Maya

A shekarar 2006 Mel Gibson ya fito da Apocalypto, wanda ya gina a kan mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya. An yabe shi ƙwarai saboda 'yan wasan sun yi magana da harshen Maya na Yukatan, har ma aka tsayar da shi takarar Oscar a fannoni 3. Amma masana sun soke shi a kan cewa ya haɗa zamuna biyu: manyan biranen Maya na kudu sun watse wajen shekara ta 900, alhali jiragen ruwan Sifaniyawa da ya rufe labarin da su sai a ƙarni na 16 suka iso. Sun kuma ce ya cika yanka mutane, ya manta da rubutu da lissafi da ilimin taurari na Maya.

3.0 Amina

Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, ya kuma ci kyautar gwarzon fim ta AMVCA a 2022. Ƙawar yaƙi da dawaki ta burge jama'a. Sai dai a Arewa an yi ƙorafin cewa yawancin maganar da Turanci aka yi, sutura da al'adun fada kuma ba su yi kama da na Zazzagawa ba. Ashe abin da Gibson ya kiyaye shi ne Ojukwu ya saki.

To, amma wajibi ne a yi adalci, domin su kansu littattafan sun saɓa. Tarihin Kano ya sanya Amina a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Labarin Zazzau kuwa ya mai da ita 'yar Bakwa Turunku, watau ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa a Atagara ta rasu. Inda marubuta suka saɓa, mai fim yana da ikon zaɓe. Inda aka tabbata, kamar harshe da sutura da sarautu, ba shi da uzuri.

4.0 Kammalawa

Ba yau aka fara ba. Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da Hausa tun 1976, ya nuna cewa harshenmu yana iya ɗaukar tarihinmu a majigi. Saboda haka shawararmu ga malaman tarihi ita ce kada su hana ɗalibai kallo. Su nuna fim ɗin a aji, su ajiye Tarihin Kano a gefe, ɗalibi ya rarrabe da kansa abin da aka ruwaito da abin da aka ƙaga.