Shaye-shayen mata a ƙasar Daura da matsalar samun magani

A da, idan aka ambaci shaye-shaye a ƙasar Hausa, samari da 'yan tasha ne ke zuwa a zuciya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, aka kuma wallafa a watan Janairun 2019, ya nuna cewa lamarin ya wuce nan.

Binciken ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar arewa maso yamma, inda jihar Katsina take.

Mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu shaye-shaye mace ce. Amma a cibiyoyin jinya, mace ɗaya ce kacal cikin majinyata 20.

Kodin da tiramadol

Wiwi dai galibi ta maza ce. Inda mata suka yi kunnen doki da maza shi ne maganin tari mai sinadarin kodin, wanda ba ya da hayaƙi, ana iya juye shi cikin kwalbar lemo a sha a ɗaki ko a gidan biki ba tare da an lura ba.

Idan kodin ya shiga jiki, hanta kan mayar da wani sashe nasa zuwa mofin. Yawan shansa na rage numfashi har ya kai ga mutuwa. Mai juna biyu da ta saba da shi kan haifi jaririn da jikinsa ke neman ƙwayar, kuma yana ratsawa cikin ruwan nono.

A ranar 1 ga watan Mayun 2018, kwana guda bayan wani rahoton bincike na sashen Africa Eye na BBC, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Haramcin bai shafi tiramadol ba, wanda aka yarda a sayar da mai nauyin miligiram 50 da 100 bisa umarnin likita, alhali hukumar NDLEA ta sha kama mai 225.

Masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, tana bakin iyaka ne da Jamhuriyar Nijar. Baya ga mashigar Kongolam, akwai ɓarauniyar hanya da dama waɗanda sa ido a kansu ke da wuya.

Haɗarin da ya fi shafar mata

Yarinyar da ƙwaya ta kama, ba ta kuma da abin saye, takan faɗa hannun mai saya mata, kuma wadda ke cikin maye ba ta iya kare kanta. Daga nan ne cikin da ba a shirya ba da cututtukan saduwa ke biyowa.

Binciken ƙasa na 2018 kan cutar ƙanjamau ya sanya Katsina cikin jihohi mafi ƙarancin masu ɗauke da ita. Sai dai a faɗin Najeriya, mata masu shekaru 20 zuwa 24 sun ninka takwarorinsu maza fiye da sau uku wajen kamuwa.

Ina za a kai su?

Iyalai da yawa sun daɗe suna dogaro da gidajen mari. A watan Oktoban 2019, 'yan sanda sun kai samame wani irin wannan gida a garin Daura, inda suka ce sun kuɓutar da mutane 67, maza da yara, da dama da sarƙa a ƙafa. Bayan wannan ne aka rufe wasu gidajen a birnin Katsina da sauran garuruwan arewa.

Rufe su ya dace, amma bai samar wa iyaye madadi ba, musamman iyayen mata. Namijin da ya shiga shaye-shaye ana iya kai shi asibiti kowa ya sani, ya dawo ya yi aure. Ita kuwa mace, akan ɓoye ta a gida don tsoron kada maganar ta kai kunnen masu neman aurenta, ko mijinta ya sake ta.

Likitoci na kallon jarabar ƙwaya a matsayin cuta da ake yi wa magani. Wadda ta daɗe tana shan tiramadol ko kodin, idan aka yanke mata lokaci guda, takan yi fama da amai da zawo da ciwon gaɓɓai da rashin barci, shi ya sa ake rage shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita.