Sarkin Ruwa da Abin da Muka Yar

Jama'a, ana ta muhawara kan ko za a ba sarakunan gargajiya gurbi a tsarin mulkin ƙasa. Kowa na zancen manyan sarakuna, babu mai tuna ƙaramar sarauta ɗaya da ta daɗe tana tsare abincin talaka, wato Sarkin Ruwa.

Mu nan kudancin Katsina ba a san mu da su ba, an fi saninmu da masara da auduga. To amma Gulbin Sakkwato daga yankin Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Zamfara, ya haɗu da Rima, ya wuce ta Argungu kafin ya faɗa Kwara. Ke nan ruwan da ke sauka a gonakinmu shi Kabawa ke su a cikinsa. Kuma a tafkuna da fadamun Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, tarwaɗa da gaiwa su ne naman gidan da ba ya iya zuwa wajen mahauci.

A da, ruwa yana da mai shi. Sarkin Ruwa ke rufe tafki, babu mai jefa koma sai ranar da ya buɗe, lokacin da kifi ya gama ƙwai ya girma. Wanda ya yi satar su, a kai shi gaban dagaci. A Kabi har yau ana wannan tsari a Matan Fada: ruwan yana hutawa, sai ranar biki a shiga da homa da gora. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Mutane na kallon ƙaton giwan ruwa suna tafi, ba su lura da dokar da ta bar shi ya girma ba.

To me ya faru? Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe ikon En'e, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Daidai wannan lokaci aka shiga gina manyan madatsun ruwa: Kainji 1968, Tiga 1974, Bakolori 1978. A Bakolori an tashi mutane daga gonakinsu, diyya ta zama rigima. Da manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuwa, ambaliyar da ke cika masu fadama kowace shekara ta ja baya, kifi ya ja baya tare da ita. A Haɗeja da Nguru ma haka, bayan Tiga da Challawa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Duk inda aka yanke waɗannan shawarwari, masunci ba ya da kujera, wanda zai yi magana da bakinsa ma an riga an rage masa ƙarfi.

Gwamnati ta yi doka a 1992 ta hana kamun kifi da guba da nakiya. Amma wa zai tsare? Jami'i ɗaya ba zai kwana bakin kowane tafki ba. Shi ya sa masu zuba Gamalin suka ci karensu babu babbaka, a kashe kifi da ƙwansa, a kai kasuwa mu saya mu ci.

Akwai darasi a Kainji. A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya ga kifi na ƙarewa saboda komar dala mai kwashe har 'ya'yan kifi. Ba su ci nasara da takarda kaɗai ba, sai da suka jawo masarautun Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa cikin aikin. Masunci zai iya ɓoye wa ma'aikaci, amma ba zai ɓoye wa wanda suke sallar asuba tare ba.

Na san yau babbar damuwarmu tsaro ce. Mutumin da ke tsoron zuwa gonarsa, ina shi ina bakin tafki a daji? Amma fa ko zaman lafiya ya dawo gobe, ruwan da aka kashe da guba ba ya dawowa da wuri.

Roƙona ga masu girma hakimanmu da 'yan majalisarmu shi ne: a farfaɗo da sarautar ruwa a duk garin da ke da tafki, a ba ta hurumi a rubuce cikin dokokin ƙaramar hukuma, a tsayar da lokacin rufe ruwa da girman idon koma. Madatsu irin Mairuwa da Gwaigwaye da Zobe, a sa wakilin masunta cikin masu kula da su.

Ku da ke karantawa, garinku akwai Sarkin Ruwa har yanzu? Ana jin maganarsa? Ku faɗa mana.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.