Ƙofar Shiga Ikilisiya: Tarihin Sharuɗɗan Zama Ɗan Coci a Ƙasar Minna

Gabatarwa

Kowace ƙungiya ta 'yan Adam tana da ƙofar shiga, kuma kowace ƙofa da mai tsaronta. A wannan maƙala za mu waiwayi ƙofar da mutum kan bi kafin ya zama cikakken ɗan ikilisiya a majami'un Kirista na Minna da kewayenta, tun daga farkon ƙarni na 20. Abin da muke son nunawa shi ne, yawancin sharuɗɗan a Turai da Amurka aka tsara su, amma a cikin gidajen manoma nauyinsu ya sauka, kuma mata ne suka fi kowa jin jiki.

Asalin Alkawarin Ikilisiya

A ƙarnonin farko na Kiristanci, mai neman shiga addinin kan yi har shekara uku yana ɗaukar karatu kafin a yi masa baftisma. Da addinin ya game Turai, sai yi wa jarirai baftisma ya zama ruwan dare, mutum ya buɗe ido ya tarar da kansa ɗan coci. A ƙarni na 16 da na 17 wasu Kiristocin Ingila suka ƙi wannan tsari. A ganinsu, ikilisiya taro ne na waɗanda suka amince da bakinsu, saboda haka suka riƙa rubuta alkawari a tsakaninsu. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da al'adar, kamar yadda aka yi a garin Salem a 1629.

A 1853 wani malamin Baftis na Amurka, J. Newton Brown, ya buga wani alkawari wanda ya bazu a majami'un ɗariƙarsa. A cikinsa 'yan ikilisiya sun ɗaukar wa kansu kula da juna, da yin ibada a gida, da ba da baiko, da barin gulma, da ƙaurace wa sha da sayar da barasa, da shiga wata ikilisiya da zarar sun sauya gari. Wannan ra'ayi na ikilisiyar da ake shiga da sharaɗi shi ne 'yan mishan da yawa suka zo da shi Nijeriya.

Ƙofofi Biyu a Minna

Jirgin ƙasa ne ya raya Minna. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa garin, ya isa Kano a 1911, sannan layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka sauka, da yawansu Kiristoci ne tun daga gida, 'yan Anglika da Baftis da Katolika. Ƙofar waɗannan ba ta da wuya. Mutum kan zo da takardar shaida daga cocin garinsu, a karɓe shi, ya ci gaba da biyan abin da aka ɗora masa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙauyuka. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka fi karkata 'yan mishan zuwa ga ƙabilun da ba Musulmi ba, irin su Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ƙungiyar SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka assasa a 1893, ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902, ta buɗe Wushishi a 1904, ta buɗe Paiko a 1909. Hedikwatarta ma a Minna ta zauna kafin a mayar da ita Jos a shekarun 1920. Manomin da ya ji wa'azi ya amsa ba shi da takardar kowa. Sai ya shiga ajin baftisma, a sa masa ido watanni, wani lokaci shekaru.

Sharuɗɗan da Aka Gindaya

Sharaɗi na farko shi ne rabuwa da tsafi a bainar jama'a, har da ƙona layu da guraye. Na biyu shi ne barin giya. Ga manomin wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da burukutu ake sallamar 'yan gayya, da shi ake biki, da shi ake makoki. Wanda ya daina dafa shi ya janye hannunsa daga rabin zumuncin ƙauye. Na uku, a tashoshi da dama an so mai neman baftisma ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Da aka buga cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, sai Hausar boko ta zama harshen ibada ga ƙabilu masu yawa. Wannan sharaɗi ya haifar da masu karatu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makarantar gwamnati ba.

Bayan shiga kuma akwai horo. Wanda ya karya doka, dattawa kan hana shi cin Jibin Ubangiji na wani lokaci, a wasu wuraren ya koma bencin baya har sai ya tuba a gaban jama'a.

Batun Mace Ɗaya

Sharaɗi na huɗu shi ne ya fi sauran zafi. A 1888 bishop-bishop na Anglika suka taru a Lambeth, a birnin Landan, suka yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya zauna a matsayin mai ɗaukar karatu, ko da yake ana iya karɓar matansa. Yawancin ƙungiyoyin mishan da suka yi aiki a Arewa a kan wannan turba suka tafi.

Sai mu dubi yadda abin ya kasance ga magidanci mai mata uku. Ko dai ya riƙe ɗaya ya sallami biyu, ko kuma ya tsufa a bakin ƙofa. Masu iya magana kan ce, idan giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Matar da aka sallama ba ta yi laifin komai ba, an aure ta bisa al'adar da kowa ya yarda da ita. Amma za ta koma gidan iyayenta, rigimar mayar da kayan aure ta taso, 'ya'yanta kuma galibi su zauna a gidan ubansu. Maza da dama sun gwammace su jira, ba su sami baftisma ba sai bayan mutuwa ta rage musu mata. Ɗaliban tarihin Musulunci za su tuna da Gailan ɗan Salama, wanda ya musulunta da mata goma aka umarce shi ya zaɓi huɗu. Ke nan sauran addinai ma sun gamu da wannan tambaya, ta yadda za a yi da auren da aka ɗaura kafin zuwan sabuwar doka.

Kiristocin Afirka ba su yi shiru ba. A Ikko, a 1917, rikici kan masu mata da yawa ya raba cocin Metodis, waɗanda suka fita suka kafa nasu. Cocin Katolika, a dokokinta na 1983, ta riƙe sharaɗin mace ɗaya, amma ta wajabta a kula da bukatun waɗanda aka sallama. A 1988, shekara 100 cif bayan hukuncin farko, taron Lambeth ya sake zama, a wannan karo da bishop-bishop na Afirka da yawa a ciki. Aka amince a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya, muddin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar cocin wurin sun yarda, sannan ba za a tilasta masa ya saki ko ɗaya ba.

Kammalawa

A 1954 majami'un da SIM ta dasa suka haɗu suka zama ECWA, a 1955 kuma aka kafa tarayyar da daga baya aka sani da TEKAN. Daga nan mabuɗin ƙofa ya fara komawa hannun fastoci da dattawa 'yan ƙasa, waɗanda suka riƙe mafi yawan sharuɗɗan, domin su ma ta nan suka shigo. Tsananin ƙofar ya samar da jama'a masu karatu da riƙon juna, wannan ba a musunsa. Sai dai littattafan rajistar majami'u sunayen waɗanda suka shiga kawai suka adana. Matan da aka sallama domin mazajensu su shiga ba a rubuta su ba. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne su bi ƙauyukan Paiko da Kuta da Bosso, su zauna da tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu, su rubuta shi tun ana iya samunsa.