Kogin Haɗeja da Mafarkin Tseren Kwale-kwale

A watan Maris na 1851, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Garki a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa ta Gumel. Ta tudu ya bi, ko da yake ayarin da ya shigo da shi ya ɗauko jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga Tarabulus. Sai a Tafkin Chadi abokin tafiyarsa, Adolf Overweg, ya sa jirgin a ruwa. Kogin Haɗeja, wanda ke kudu da Garki, bai shiga lissafinsu ba.

Wannan tarihi zai amfani duk mai tunanin buɗe makarantar koyon tuƙin kwale-kwale a ruwa mai tsananin gudu, irin wasan da ke jawo baƙi zuwa Jinja a Yuganda da kogin Zambezi. Masu auna kogi domin wannan wasa suna duban gangare, da duwatsun da ke karya ruwa har ya yi kumfa, da tsawon watannin da ruwan ke gudu, sannan su ba shi mataki daga 1 zuwa 6. Kogin Haɗeja ba shi da gangaren. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, Tafkin Chadi kimanin 280, kuma wannan ɗan bambanci ya bazu a ɗaruruwan kilomita. Bayan Wudil kogin yakan bar ƙasar dutse ya shiga rairayi, ya wuce Ringim a hankali, ya rarrabu cikin fadamun Haɗeja da Nguru.

Abin da ƙasa ta rage masa na ƙarfi, madatsun ruwa sun sauya shi. An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai ta Challawa a 1992. Kafin nan kogin na damina ne: ya cika ya batse a watan Agusta, da rani a haƙa rairayinsa a ɗebi ruwa. Bayan nan sai ya koma yana gudana kusan duk shekara, amma a sanyaye. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi gonaki, har masu fito kan rasa inda za su bi. Jinja ma ta ɗanɗana irin wannan, domin madatsar Bujagali da aka kammala a 2012 ta haɗiye wuraren da 'yan wasan suka fi so.

Ana iya gina hanyar ruwa ta siminti, kamar yadda Jamus ta yi a Augsburg domin gasar Olamfik ta 1972, sai dai kowane ɗigon da za a sako daga Tiga domin wasa, akwai manomin shinkafa a Kadawa ko Auyo da ke jiran sa.

Horon da kogin nan ke buƙata na daban ne. Ruwan da ya yi laƙwas da rani shi ne ke kifar da kwale-kwale cike da 'yan kasuwa da yara a damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Masu ilimin suna nan: Sarakunan Ruwa da masunta sun san inda rami yake da inda igiyar ruwa ke ja. Abin da babu shi ne rigunan ceto, da ƙa'idar lodi da ake bi, da wanda zai tsaya a mashigi ya ƙirga fasinja kafin a tura jirgi.