Tsibiri Ɗaya, Rabo Biyu: Haiti da Jamhuriyar Dominikan

A cikin Tekun Karibiyan akwai wani tsibiri mai suna Hisfaniyola, wanda ƙasashe biyu suka raba a tsakaninsu: Haiti a yamma, Jamhuriyar Dominikan a gabas. Kowaccensu tana da mutum miliyan 11 da 'yan kai. Amma a 2022 arzikin da ke faɗowa kan kowane mutum a Dominikan ya haura dala 10,000 a shekara, alhali na Haiti bai kai dala 2,000 ba. Jaririn da aka haifa a gabas yana da tsammanin ya fi na yamma tsawon rai da kusan shekara goma. Wutar lantarki ta kai kusan kowane gida a gabas, a yamma kuwa da ƙyar ta kai rabin jama'a.

Da can ba haka abin yake ba. A ƙarni na 18 yankin yamma, wanda Faransa ke mulki, shi ne ya fi duk ƙasashen da Turawa suka mallaka kawo riba, saboda rake da kofi, waɗanda bayi kusan rabin miliyan da aka kwaso daga Afirka suke nomawa. Gabas kuwa, a hannun Sifen, dajin kiwon shanu ne kawai. Bayin nan suka yi bore a 1791, suka kori sojan Napoleon, suka kafa ƙasarsu ran 1 ga Janairu 1804. Faransa ba ta yafe ba. A 1825 ta aiko da jiragen yaƙi, ta ɗora wa Haiti diyyar faran miliyan 150, wai don a biya iyayen gijin da suka rasa gonaki da bayi. Watau bawa ya fanshi kansa da jini, aka ce ya sake fansa da kuɗi. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma sai da aka ci bashi don biyan bashi, kuma ba a rabu da wutsiyarsa ba sai 1947.

Galibin masu bayani a nan suke tsayawa, su ce ga dalilin talaucin Haiti. Lalle diyyar ta cinye kuɗin da ya kamata a gina makarantu da hanyoyi da shi, ta kuma bar gwamnati wadda ba ta san komai ba sai karɓar haraji a bakin tashar jiragen ruwa. Sai dai akwai abin da wannan bayani bai warware ba: a wajen 1960, shekara 135 bayan ɗora diyyar, arzikin mutum ɗaya a ƙasashen biyu kusan daidai yake. Ashe ke nan ramin da ke tsakaninsu yau an haƙa mafi yawansa ne a zamanin da masu rai suka shaida.

Kowace ƙasa ta sha azzalumi. Rafael Trujillo ya riƙe Dominikan daga 1930 zuwa 1961, shi ne kuma ya sa aka yi wa dubban 'yan Haiti yankan rago a bakin iyaka a 1937. Amma da yake ya ɗauki ƙasar a matsayin gonarsa, ya gina hanyoyi da masana'antu don riba tasa, da aka kashe shi kuwa dukiyar ta koma hannun gwamnati. François Duvalier, wanda ya hau mulkin Haiti a 1957, shi da ɗansa da ya gaje shi har 1986, ba su gina ba, sai tatsa. 'Yan dabarsu, Tonton Makut, suka sa malamai da likitoci gudun hijira zuwa Amurka da Kanada; wasu ma har Kwango suka zo koyarwa bayan ta sami 'yanci a 1960.

Daga baya gwamnatin Joaquín Balaguer ta rufe wuraren tsaga katako a 1967, aka buɗe unguwannin masana'antu marasa haraji tun 1969, aka kuma sauƙaƙa wa mata girki da gas. Baƙi masu yawon shaƙatawa suka cika gaɓar Punta Cana. A Haiti kuwa gawayi ne makamashin talaka, ga duwatsu, ga ƙarancin filin noma. Itatuwa na faɗuwa, ruwan sama na kwashe ƙasar. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010 ta tarar da gwamnati marar ƙarfi, ta rushe har fadar shugaban ƙasa.

Duk da haka, lissafin matsakaicin arziki yana da abin da yake ɓoyewa. Masu saran rake da leburorin gini a Dominikan, yawancinsu 'yan Haiti ne ko jikokinsu, da yawa daga masu saran raken suna zaune a sansanonin da ake kira batey, inda ruwan famfo da asibiti ke wuya. A 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin cewa waɗanda aka haifa tun daga 1929, alhali iyayensu ba su da takardun zama, ba 'yan ƙasa ba ne. Dubban mutane da ba su taɓa taka Haiti ba, ba su kuma jin harshe sai Sifaniyanci, suka wayi gari ba su da takardar da za su shiga makaranta ko su yi rajistar haihuwar 'ya'yansu da ita.