Audugar Funtuwa da Malumfashi a Kasuwannin Ƙetare

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna, Abuja ko Legas sun san Funtuwa a matsayin mararrabar da ake ratsawa in za a Gusau ko Katsina, amma ba su san cewa an yi zamanin da audugar da kakanninsu suka tsinta a gonakin Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Faskari takan ƙetare teku har birnin Libaful na ƙasar Ingila ba. Ya kamata mai karatu ya san yadda aka ƙulla wannan ciniki, da abin da ya riƙe shi shekaru masu yawa, musamman yanzu da ake ta maganar neman kasuwannin waje ga amfanin gonarmu.

Tun kafin zuwan Turawa, kudancin ƙasar Katsina da arewacin Zazzau wurin noman auduga ne. Mata suna kaɗi, maza suna saƙa, garin Maska kuwa ya yi suna wajen masaƙa. Abin da ya ragu fatake su ɗora wa jakuna zuwa Kano. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus. Wato dai audugarmu ta riga ta san hanyar ƙetare, sai dai a wancan lokaci takan fita ne a matsayin riga da zane da rawani, ladan aikin kuma ya zauna a gida.

Abin da ya jawo hankalin Ingila gare mu ya faro ne daga Amurka. Yaƙin basasar da aka yi a can daga 1861 zuwa 1865 ya tsayar da audugar da masaƙun lardin Lankasha suka dogara da ita, ma'aikata dubbai suka rasa abinci. Masu masaƙun ba su manta da wannan wahala ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Mancesta domin bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila take mulka, sunan da bakin mutanenmu ya mayar Bisije. Babban burinsu shi ne Kano, har ma suna cikin waɗanda suka matsa a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Jirgi ya isa Kano a 1911, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Audugar da aka noma kuma masaƙan gida suka riƙa sayenta da kuɗin da ya fi na Bature. Wannan ne ya sa Bisije ta karkato kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasa kuma ta fi nauyi.

A nan ne aka yi aikin da ya cancanci a tsaya a duba. Audugar gargajiya gajeren gashi gare ta, injinan Lankasha ba sa son ta. Saboda haka aka shigo da iri daga Amurka mai suna Allen, aka gwada shi a ƙasar Zazzau, daga baya masana a Samaru suka ci gaba da tace shi. A cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka kakkafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgi daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta wuce Gusau har ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Manomi yakan karɓi iri kyauta daga hannun hukuma. Ba a sayen auduga sai a fulotin da aka keɓe, kuma kafin a ɗora ta a sikeli sai malamin auduga ya buɗe ta ya raba lamba ɗaya da lamba biyu. Bayan kaka dole a tuge itacen a ƙone domin kashe tsutsa. Da wannan tsari mai saye a Libaful yakan san abin da ke cikin dila tun bai kwance ta ba, shi ya sa yake dawowa kowace shekara.

Kada dai a ɗauka zumunci ne tsakanin tsara da tsara. Mai saye ɗaya ne, shi ke yanka farashi, haraji kuma yana bayan manomi yana tura shi gona, dagatai da hakimai suna sa ido. Da aka kafa hukumar cinikin auduga a 1949, wadda hukumar ciniki ta Jihar Arewa ta gaje ta a 1954, sai aka riƙa sanar da farashi ɗaya na shekara, kamfanoni irin su UAC da John Holt suna saye a madadin hukuma. Manomi ya samu tabbacin kasuwa, amma rarar da ke tsakanin farashinsa da na duniya hukuma ce take riƙewa.

Daga nan labarin ya yi sauri. Masaƙun Lankasha suka fara durƙushewa, namu suka taso. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha, David Whitehead, UNTL ta biyo baya a 1964, Funtuwa ma ta samu tata masaƙar. Audugar da ake fitarwa ta koma ciyar da injinan gida. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, hedikwatarta a Funtuwa, amma shekara 9 kawai ta yi, domin a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya.

Rushewar ta 'yantar da farashi, ta kuma tafi da malamin da ke tantance auduga. Iri ya gauraye, kowa ya zama mai saye a bakin hanya, aka shiga ɗura auduga a buhunan leda waɗanda zarensu ke shiga cikinta ya ƙi karɓar rini. Wannan aibi ɗaya ya zubar da darajar audugar Nijeriya a idon masaƙun waje. Sa'an nan masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan 2005 da yadin Sin ya mamaye kasuwannin duniya. Manomanmu suka koma masara, dawa da waken suya, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A daidai wannan lokaci maƙwabtanmu Benin, Mali da Burkina Faso, waɗanda suka riƙe tsarin iri ɗaya da bashin taki da tantancewa, suka ci gaba da sayar wa masaƙun Asiya, musamman Bangaladash.

An yi yunƙurin farfaɗowa. A 2018 aka amince da irin auduga mai jure tsutsa, a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya raba iri ga manoma a Jihar Katsina, a 2024 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, inda za a iya cika takardun kwastan a rufe kwantena a gida. An gina tashar ne domin sauƙaƙa matsalar hanya da takarda. Abin da masaƙar Bangaladash ko Turkiyya za ta nema kafin ta sa hannu a yarjejeniyar shekaru shi ne tsawon gashi iri ɗaya, dila marar leda, da adadin da za a cika a kan lokaci, kuma waɗannan a gonakin Ƙafur da Bakori da wurin gurza ake samar da su.