Malaman da naira ta kawo, naira ta kora

Wanda ya yi sakandare a ƙasar Zazzau a shekarun 1970, da wuya bai zauna gaban malamin Indiya ko na Ghana ba. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita, malaman lissafi da kimiyya kuwa suka yi ƙaranci. Sai aka riƙa ɗauko su daga ƙetare bisa kwantiragi.

Rayuwarsu ba ta da hayaniya: gida a harabar makaranta, aji tun da sassafe, cefane a kasuwar Sabon Garin Zariya, rarar albashi kuma a aika gida, domin a lokacin naira ta fi dala daraja.

A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana da yawa suka tafi. A 1986 tsarin SAP na Babangida ya karya darajar naira, abin aikawa gida ya zama ba komai, Indiyawa suka tattara kayansu. Makarantun karkara irin na Ikara, Makarfi da Kudan, inda samun malamin kimiyya da ma aiki ne, su suka fi jin giɓin.